Lambar da Safiyo Ya Aiko

Malam da Safiyo suna da wani wasa da babu mai gane daɗinsa sai su biyu. Malam tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, sunan aikin ya bi shi har ya cinye na yanka. Safiyo kuwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen awon filaye da hanyoyi, shi ma aka bar shi da sunan aikinsa. Tun suna samari suke tare, kuma tun suna samari ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, in ban da wannan wasa.

Ga yadda wasan yake. A cikin lambobi akwai waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya ko su kansu, irin su bakwai da goma sha ɗaya da goma sha uku. Waɗannan su ne tsofaffin biyu suke kira tuzurai, wai don ba su da kowa a duniya. Sauran lambobin kuwa, masu rabuwa, sunansu masu iyali. To duk farkon wata ɗayansu zai zaɓi manyan tuzurai biyu, ya ninka wannan da wancan, ya rubuta abin da ya fito a ɗan kati ya kai wa ɗan'uwansa. Wanda aka kai wa, aikinsa ne ya tono tuzuran nan biyu da aka ɗaura wa aure, ya raba su kafin wata ya ƙare. Ba na'ura, ba waya, daga fensir sai kai. Doka ɗaya ce tak: kowane tuzuru ya haura ɗari. Ƙananan nan, su bakwai da 'yan'uwansa, Safiyo ya ce kayan wasan yara ne, dattijo ba ya saka su a kati.

Matar Malam ta daɗe da sallamawa. Takan ce ba ta taɓa ganin masu dalilin aure irinsu ba, kowane wata sai sun haɗa aure sun kuma kashe shi, ba ango ba amarya, ba ko wanda ya ci abinci.

Bayan wasan nan, Malam yana da aji. Garejin gidansa ne. Tun da ya rabu da mota ya shafe bango ɗaya da baƙin fenti, ya jera bencina, ya rataya ɗan tsumma a ƙusa don goge allo. Ɗalibansa ba yara ba ne, manya ne da makaranta ta kuɓuce musu tun da wuri, yanzu suke son komawa su zana jarrabawa. Akwai direban bas mai yawan musu, akwai wata mai ɗinki da kullum take mantawa da tef a wuyanta, akwai mai gadin wani kanti da ya fi kowa shiru ya kuma fi kowa kyan rubutu, da wasu 'yan kaɗan. Da yamma suke zuwa, kowa da ƙanshin sana'arsa ko warinta. Malam yana son ajin nan fiye da yadda bakinsa ke faɗa. Da safe shi tsoho ne mai shan magani ana yi masa sannu, amma da yamma in ya tsaya gaban bangon nan, mutum ne da ake jira.

Matsalar daga babbar 'yarsa ta taso. Nas ce a wani asibiti, shi kuwa Likita yake ce mata, rabi tsokana rabi alfahari. Wata rana jiri ya ɗebe shi a gaban allo har sai da ya dafa bango, labari ya kai mata. Ta zo da abin awon jini, ta ɗaura masa a damtse, ta dubi lambar ta ɓata rai. Uwarta kuma, maimakon ta rufa wa mijinta asiri, sai ta ƙara da cewa shekaranjiya ma an yi ta neman tabaransa, ƙarshe a firji aka same shi kusa da tumatir. Malam ya ce zafi ake yi, shi ma tabarau yana da hakki. Babu wanda ya yi dariya sai shi.

Likita ta ce a rufe ajin nan. Ta ce tsayuwa ta yi masa yawa, surutu ya yi masa yawa, kuma kai ma yana gajiya kamar ƙafa, gara mutum ya sauka da mutuncinsa kafin a fara yi masa gyara a gaban jama'a. Wannan ta ƙarshen ce ta soke shi, don ita ce abin da shi kansa yake tsoro.

"To ji nan, Likita," in ji shi. "Ranar da lamba ta gagare ni, ranar zan rufe ajin nan da hannuna. Kafin nan a ƙyale ni."

"Na riƙe ka a kan maganarka, Baba."

Ta riƙe ɗin kuwa. Taurin kai a wajensa ta gada, ba ta bar ko ƙwaya ba.

Ba a daɗe ba wata ya kama, kuma layin Safiyo ne. Ya zo da hantsi kamar yadda ya saba, ya sha shayi, ya kushe shayin, ya soki yadda Malam ya datse bishiyar ƙofar gida, sannan da zai tafi ya tura ɗan kati ƙarƙashin kofi. A jiki an rubuta 676,039.

Malam ya dube ta kamar yadda mahauci ke duban sa. Ba ta ƙare da biyu ko 'yan'uwansa ba, ba ta ƙare da biyar ba, ya tara haruffan lambar a ka ya sami talatin da ɗaya, don haka uku ma ba ta da hannu a ciki. Wannan duk aikin ido ne, kafin ya zauna ya gama. Sai ya feƙe fensir ya bi hanyarsa ta kullum. Ya san halin abokinsa, yana son haɗa auren tsara da tsara, tuzurai biyu masu kusan girma ɗaya. Saboda haka ba daga ƙasa yake farawa ba, daga tsakiya yake farawa, wato daga lambar da in aka ninka ta da kanta za ta kusa kai wadda ke katin. Tsakiyar wannan ta faɗa wajen ɗari takwas da ashirin da biyu. Ya ɗauki tuzurun da ke ƙasa da ita ya raba, aka sami saura. Ya sauko na gaba, saura. Haka ya yi ta gangarowa yana 'yar waƙarsa a hanci, yana jiran inda za a ce babu saura.

Ya gangaro har ɗari bakwai, ya wuce. Ya ce lallai bana Safiyo ya canza hali, ya haɗa tsoho da yarinya. Ya wuce ɗari biyar, ya wuce ɗari uku, waƙar ta tsaya. Da ya iso ɗari da ɗaya, tuzuru na ƙarshe da doka ta yarda da shi, shi ma ya bar saura, sai Malam ya ajiye fensir.

Abu ɗaya kawai wannan ke nufi a wajensa: ya yi kuskure a hanya. A cikin rabe-raben nan fiye da ɗari akwai inda hannunsa ya zame, ya tsallake amsar bai gan ta ba. Bai taɓa faruwa da shi ba, amma ai tabarau ma bai taɓa shiga firji ba.

Ya koma tsakiya ya sake gangarowa, wannan karon a hankali, yana bin kowane layi da ɗan yatsa. Babu. Ya canza fensir, ya canza takarda, ya bar teburin falo ya koma gareji, wai ko iskar can ta fi. Babu. Matarsa ta yi ta share ɓawon fensir daga ƙarƙashin kujeru, abinci ya riƙa hucewa a gabansa. Ya fara yi wa kansa jarrabawa a ɓoye, ya jero sunayen jikokinsa bi da bi, ya tuno lambar motar da ya sayar, in ɗaya ta ɗan yi masa gardama sai ya koma farko. Tsoro ne sosai ya kama shi, irin wanda ba ya barin mutum ya faɗa wa kowa.

Abin mamaki, a duk wannan wahala abu biyu ba su taɓa gilmawa a ransa ba. Bai taɓa zargin Safiyo ba. Zai iya ƙaryata shi a kan siyasa da ƙwallo da yadda ake dafa shayi, amma mutumin da ya auna hanyoyi ba su karkace ba, ba a yi masa musu a kan ninkawa. Kuma bai taɓa tunanin gwada ƙananan tuzurai irin su bakwai ba. Shekara da shekaru ba su taɓa shiga kati ba, har idonsa ya daina ganinsu, kamar yadda mutum ke daina ganin agogon bangon ɗakinsa.

Safiyo yakan leƙo yana murmushin mugunta, ya tambaya ko an raba auren. Malam ya ce ana kan shari'a. Safiyo ya ce to a yi a hankali, kada alƙali ya tsufa a kan kujera. Da a da ne da Malam ya rama da wadda ta fi ta zafi, yanzu kuwa sai ya yi yaƙe kawai.

Da wata ya zo ƙarshe, ya kira Likita ya gaya mata da bakinsa. Ba wanda ya tilasta shi, don ba ta ma san da katin ba, amma shi mutum ne da in ya yi magana ta zauna. Ya ce lamba ta gagare shi, gobe zai yi darasin ƙarshe ya sallami jama'a. Ya zaci zai ji ta sauke ajiyar zuciya. Sai kawai ta ce a waya za ta zo ta taya shi. Ta sami abin da take so, kuma ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Washegari da yamma aji ya cika. Likita ta zauna can baya kusa da ƙofa da jakarta a cinya, ɗalibai suna ta gaishe ta, ba su san abin da ya kawo ta ba. Malam ya yanke shawarar sai an gama darasi zai faɗa, don ba ya son a yi lissafi da jiƙaƙƙun idanu. Darasin ranar raba doguwar lamba ne, kuma yana son ya nuna musu yadda ake yi in aka sami saura. Ya juya ga allo yana neman misali, hannunsa ya rubuta lambar da ta kwana ta tashi a kansa wata guda, ya sa bakwai a gefenta don ita ce jadawalin da suka fi haddacewa.

Ya ce musu wannan lambar ya san ta farin sani, taurin kai gare ta, ba ta rabuwa da daɗi, su zuba ido su ga yadda ake barin saura. Sai aka fara, shi yana tambaya aji yana amsawa baki ɗaya. Bakwai cikin sittin da bakwai, tara, saura huɗu. Aka sauko da shida, bakwai cikin arba'in da shida, shida, saura huɗu. Aka sauko da sifiri, biyar, saura biyar. Aka sauko da uku, bakwai, saura huɗu. Ya sauko da taran ƙarshe ya ajiye kusa da huɗun, yana magana yana tunanin yadda zai fara yi musu ban kwana.

"Bakwai cikin arba'in da tara?"

"Bakwai!"

"Saura?"

"Babu!"

Ya riga ya ɗaga hannu zai rubuta sauran, hannun ya tsaya a sama. Ya ce su sake dubawa. Direba ya ce Malam, bakwai sau bakwai ai ko a barci aka tashe shi arba'in da tara ne, in an canza a gaya masa. Malam ya ja da baya ya bi layin tun daga sama, leɓɓansa suna motsi. Ya sa mai gadi ya ninka amsar da bakwai a ga inda za ta koma. Mai gadi ya yi a natse da kyakkyawan rubutunsa, ya ɗaga takarda, ga lambar Safiyo ta dawo cif.

Ɗalibai ba su gane abin da ya sami malaminsu ba. Sun dai ga tsoho ya cire tabarau ya mayar, ya dafa ƙugu, ya ce wa allo, "Ke! Ashe iyali gare ki?" Sai kuma ya juyo da wata irin fuska da suka daɗe ba su gani ba, ya ce kowa ya gyara zama, yau akwai aiki.

Abin da ya rage bayan bakwai shi ne 96,577. Aka gwada goma sha ɗaya, ta bar saura takwas, Malam ya ce a ƙyale ta, ba 'yar gidan ba ce. Aka gwada goma sha uku, mai ɗinki ce ta riga kowa, ta miƙe tsaye tef yana lilo ta ce babu saura, an sami 7,429. Aka gwada goma sha bakwai, ta shige kamar an auna, aka sami 437. Nan direba ya ce shi fa jikinsa ya ba shi goma sha tara ce ke biye, tunda abin layi yake bi kamar fasinja. Aka yi masa dariya, aka gwada, sai ga ashirin da uku ta faɗo. Ajin ya kaure da tafi da sowa, har matar Malam ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar wa ya haihu.

Malam ya jera su a allo manya-manya: bakwai, goma sha uku, goma sha bakwai, goma sha tara, ashirin da uku. Tuzurai biyar a ɗaki ɗaya, duk ƙanana, duk a bakin ƙofa, shi kuwa yana can saman bene wata guda yana neman manya. Dariya ta kama shi har ya riƙe ciki. A tsakiyar dariyar sai ya tuna wanda ya jawo masa, fuskarsa ta canza. Ya ce wa aji in aka haɗa biyar ɗin nan bibbiyu da uku-uku da sauransu, lambobi talatin da biyu ne ke raba wannan lamba daidai, su nemo masa su. Ya ɗauki hularsa ya ce wa Likita ta tada mota, akwai wani tsohon maƙaryaci da zai gani.

Sun tarar da Safiyo a baranda yana ba shukokinsa ruwa, rabin ruwan a tukwane rabi a ƙasa. Malam bai ko gama sallama ba ya ɗora. Ya ce an karya doka, an ci amana, an ce masa aure ne ashe gida guda aka aiko masa, uba da uwa da 'ya'ya. Ya lissafo su biyar da yatsu a gaban hancin abokinsa.

Safiyo ya ajiye butar ruwa ya ce shi ba ya wasa da yara, kuma bai taɓa ba. Tunda dai an zo da rigima, to ga amsa, a je a huta: ɗari bakwai da tamanin da bakwai, da ɗari takwas da hamsin da tara. Tuzurai ne na asali, shi ya ɗaura musu aure da hannunsa.

Malam ya jawo kujera, ya yagi gefen wata tsohuwar jarida, ya ninka a gabansa. Amsar ta fito 676,033. Ya ciro katin daga aljihu ya ajiye kusa da ita. Komai ɗaya ne, sai wutsiya: a jarida uku, a kati tara.

Safiyo ya ɗauki katin. Ya miƙa hannu nesa, ya dawo da shi dab da hanci, ya karkata shi wajen haske, ya rufe ido ɗaya. Malam ya riga ya shirya maganganu masu daɗi da zai jefe shi da su, amma da ya ga haka sai ya fasa. Likita kuwa ta taso wajen Safiyo, ta ce Kawu ya dube ta, ta ɗaga masa haɓa ta juya fuskarsa wajen rana. Ta tambaye shi tun yaushe.

Ya yi ta kame-kame, ƙarshe dai ya faɗa. Ya daɗe yana ganin duniya kamar ta bayan labule. Lissafin a kansa ya yi, daidai ya fito, ya rubuta a takarda ya ajiye, da ya zo kwafewa a kati ne uku ta rikiɗe masa ta zama tara. Bai gaya wa kowa ba don ya san ƙarshen zancen wuƙa ce, shi kuma duk abin da za a yi masa a yi, ban da a taɓa masa ido. Likita ta yi masa faɗa irin na 'ya da kawunta, da ladabi amma ba ragi. Ta ce yanar ido ce, aikinta ɗan ƙanƙani ne, tsofaffin da suka girme shi ana yi musu su koma gida da ƙafarsu, kuma ita da kanta za ta zo ta ɗauke shi, in ya ɓuya a ƙarƙashin gado ma ta san hanya.

Malam yana zaune yana jujjuya katin, sai wani abu ya faɗo masa wanda duk hayaniyar nan ta hana shi gani. Ya ɗago a hankali.

"Likita, tsaya. Duk rabe-raben nan da na yi, kowanne ya ce mini ba shi ba ne. Na koma na sake, suka sake cewa ba su ba ne."

"Haka ka ce, Baba."

"To ai gaskiya suka faɗa. Ko ɗaya ban kuskure ba. Kaina yana ta gaya mini gaskiya, ni ina ƙaryata shi."

Daɗi ya rufe shi, irin daɗin wanda aka ce kayansa sun ɓata sai ya tarar da su a inda ya ajiye. Ya tashi ya kama kafaɗun Safiyo ya girgiza shi, ya ce Allah ya yi wa wannan makantar albarka, amma a cire ta. Sai ya shiga yabon lambar kamar mai tallar amarya. Ya ce a duba, tuzurai a jere tun daga bakwai har ashirin da uku, goma sha ɗaya kaɗai ta ƙi zuwa, kuma kowane dangi da irinta. In ka tara su biyar ɗin ka sami saba'in da tara, shi ma tuzuru. Taku shida kacal tsakaninta da lambar da aka yi niyya, amma waccan mutum biyu ne a gidanta, wannan kuwa gida cike. Ya ce ko da fitila Safiyo ya fita nema ba zai samo irinta ba.

Safiyo da ya ga abin ya zama yabo sai ya gyara zama, ya ce wa ya sani ma ko da gangan ya yi. Daga nan aka koma gidan jiya. Safiyo ya ce watan nan shi ya ci, tunda Malam bai kawo tuzuran da aka ɗaura wa aure ba. Malam ya ce wanda ya kawo amaryar da ba ita ba, ba shi da bakin magana. Safiyo ya ce malamin lissafi guda ya kasa gwada bakwai, wannan ko a kabari sai ya ba da labari. Malam ya ce ya bari a buɗe masa ido tukuna, ya ga wanda yake ba labarin. Likita ta tsaya tana kallonsu, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Malam da Likita suka shiga mota suka kama hanyar gida. Murnarsa ta ɗan lafa, don ya san lamba daban, hawan jini daban, kuma jirin nan ba Safiyo ne ya rubuta shi ba. Alkawarinsa dai bai kama shi ba, amma in ta dage ya san ba zai iya yaƙi da ita har abada ba. Ya riƙa satar kallonta, ita kuma idonta yana kan hanya.

Rana ta yi sanyi sa'ad da suka shigo layin. Tun daga nesa suka ga ƙofar gareji a buɗe. Malam ya manta sam bai sallami kowa ba, su kuma ba wanda ya tafi. Sun cika allo da lambobi har sun gangaro kan bangon da ba fenti. Mai ɗinki ce riƙe da alli, direba yana tsaye a kan benci yana musu, mai gadi yana bin kowace amsa yana tabbatarwa, matar Malam ta kawo musu ruwa ta kuma zauna ana yi da ita, ita da ta ce abin nan hauka ne. Suna ganinsa suka yo kansa, kowa yana magana. Sun sami talatin da ɗaya, ɗaya ta ɓuya, sun juya ta ko'ina ta ƙi fitowa.

Kallo ɗaya ya yi wa allon ya gano ta. Sun rubuta duk mai raba lambar, sun manta ita ma tana raba kanta. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna abin da ya zo yi a ajin nan yau, ya rufe. Ya juya ya dubi 'yarsa.

Likita ta dubi allon, ta dubi manyan mutanen nan da suka bar bas da keken ɗinki suna jiran tsoho ɗaya, ta dubi ubanta da farin alli har a gira. Ta shigo tsakiyar garejin ta tafa hannu, aji ya yi tsit.

"Baba bai sha maganinsa ba, don haka yau an tashi. Daga yanzu a zaune zai riƙa koyarwa, ku za ku riƙa rubutu a allo, wanda ya bar shi ya miƙe ni da shi ne. Ɗayar da ta rage ku zo da ita gobe. Kuma kada wanda ya makara."

Farin ciki ya lulluɓe Malam. Amma sai ya ɗaure fuska kamar wanda aka yi wa dole, ya nuna ta da haɓa.

"Kun dai ji abin da Likita ta ce."